Yadda sabbin iyaye a Amurka za su ci moriyar rangwamen harajin yara

Jaririn da aka haifa a Amurka a daren 31 ga Disamba, a wajen hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS, daidai yake da wanda aka haifa tun farkon Janairun wannan shekarar: iyayen kowannensu suna da haƙƙin neman cikakken rangwamen haraji na shekarar, domin ba a kasafta shi bisa yawan watannin da yaro ya yi a duniya. A shekarar haraji ta 2025 wannan rangwame, wanda takardun hukuma ke kira Child Tax Credit, ya kai dala 2,200 a kan kowane yaro da bai cika shekara 17 ba. Sai dai kuɗin ba ya zuwa da ƙafarsa. Rajistar haihuwa da aka yi a asibiti ba ta sa hukumar ta aiko wa kowa da cak, kuma duk wanda bai shigar da takardun harajinsa ba, ko ya shigar amma bai rubuta yaron yadda doka ta tanada ba, to ya bar haƙƙinsa ke nan a baitulmalin gwamnati.

Abin da rangwamen yake yi wa aljihu

Sauƙin haraji iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi. Akwai ragin da ake yi wa kuɗin shiga kafin a lissafa haraji, akwai kuma rangwamen da ake cirewa daga harajin kansa bayan an gama lissafi. Idan aka rage dala 2,200 daga kuɗin shigar mutumin da ke biyan kashi 12 cikin ɗari, abin da ya tsira da shi bai wuce dala 264 ba. Idan kuwa daga harajin aka cire, dala 2,200 ɗin ce cur ta rage a hannunsa. Rangwamen yara na nau'i na biyu ne.

A ɗauki ma'auratan da suka samu dala 60,000 a 2025 kuma suka shigar da takardunsu tare. Doka ta yafe musu haraji a kan dala 31,500 ta farko, saboda haka abin da za a yanka wa haraji shi ne dala 28,500, harajin kuwa zai kama kusan dala 2,943. Da zarar sun rubuta jaririnsu, harajin ya sauko zuwa kusan dala 743. Tun da yake wurin aiki yana yankar haraji daga albashi a duk lokacin biya, mai yiwuwa an riga an karɓi fiye da haka daga hannunsu a tsawon shekarar, sai a mayar musu da rarar.

Ga mai ƙaramin ƙarfi lissafin ya sha bamban, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Uwar da ke zaune ita kaɗai da jaririnta, wadda ta samu dala 12,000 a shekara, babu harajin kuɗin shiga a kanta sam, don haka babu abin da za a cire rangwamen daga ciki. Doka ta tanadi wani kaso na rangwamen da ake biya kuɗi hannu ko da ba a bin mutum haraji, amma ta sa masa iyaka biyu: ba zai wuce dala 1,700 a kan kowane yaro ba a 2025, kuma ana lissafa shi ne da kashi 15 cikin ɗari na abin da mutum ya samu ta hanyar aiki sama da dala 2,500. Uwar nan za ta cire 2,500 daga 12,000, saura 9,500, kashi 15 cikin ɗari na wannan kuwa shi ne dala 1,425, kuma shi za a ba ta. Sai kuɗin aikinta ya doshi dala 13,850 kafin ta samu 1,700 ɗin a cike. Wadda kuwa ba ta yi aikin kuɗi ba ko kaɗan a shekarar, kuma babu mijin da za su shigar da takardu tare, ba ta da komai a nan.

Wannan ya shafi masu sabuwar haihuwa kai tsaye, domin shekarar haihuwa ita ce shekarar da kuɗin aiki ke raguwa. Dokar tarayya ta hutun iyali da jinya ta ba ma'aikatan da suka cika sharuɗɗanta hutun mako 12, amma hutu ne marar albashi, kuma tallafin da ake ba waɗanda suka rasa aiki ba ya shiga cikin kuɗin aiki a wannan lissafi. Ribar mai sana'ar kansa, kamar direban haya ko mai gyaran gashi, tana shiga, muddin ya bayyana ta a takardunsa. Mai ɓoye abin da ya samu domin gudun haraji, ban da saɓa doka da yake yi, sau da yawa yana rage wa kansa rangwame ne bai sani ba.

A ɗaya ɓangaren, masu babban samu ba sa fara asarar rangwamen sai kuɗin shigarsu ya wuce dala 200,000 ga mutum ɗaya, ko dala 400,000 ga ma'auratan da suka shigar tare, inda ake zaftare dala 50 a kan kowace dala 1,000 da ta haura. A ganina wannan shi ne babban aibin tsarin: iyalin da ke samun dala 400,000 suna karɓar rangwamen a cike, alhali uwar da ke samun 12,000 ana ba ta ƙasa da kashi biyu cikin uku nasa. An taɓa gwada akasin haka a 2021, lokacin da aka ɗaga kuɗin zuwa dala 3,600 ga yara 'yan ƙasa da shekara shida da dala 3,000 ga sauran, aka cire sharaɗin aiki, aka kuma riƙa biyan rabinsa wata-wata daga Yuli zuwa Disamba. A wannan shekarar ma'aunin talaucin yara na hukumar ƙidaya ta Amurka ya faɗo zuwa kashi 5.2 cikin ɗari, da tsarin ya ƙare kuwa ya koma kashi 12.4 a 2022. Abin da ya dawwama shi ne tsohon tsari, wanda ya faro da dokar 1997 a kan dala 400, ya kai 1,000 a 2003, ya ninka zuwa 2,000 da dokar 2017, sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta mayar da shi 2,200 tare da tanadin a riƙa daidaita shi da hauhawar farashi. Saboda haka a duba adadin kowace shekara, kada a dogara da na bara.

Lambar yaro kafin komai

Aikin farko ana yin sa ne tun kafin a bar asibiti. A takardar rajistar haihuwa akwai wurin da ake tambaya ko iyaye suna son a nema wa jariri lambar SSN, wato lambar shaidar da hukumar kula da fansho da walwala ta tarayya ke bayarwa. A amsa da e, kuma a duba rubutun sunan yaron harafi bayan harafi kafin a sa hannu, domin yadda aka rubuta shi a nan haka zai fito a kati, kuma haka IRS za ta gwada shi da abin da ke cikin takardun haraji. Harafi ɗaya da ya sauya, ko sunan tsakiya da aka mayar sunan mahaifi, ya isa kwamfutar hukumar ta dawo da takardun. Katin yana zuwa ta gidan waya bayan 'yan makonni, kuma kyauta ne. Waɗanda suka haihu a gida, ko suka tsallake wannan tambaya, sai su cike fom SS-5 su kai ofishin hukumar da ke bayar da lambar tare da takardar haihuwa da shaidar iyaye.

Sharaɗin doka shi ne lambar ta fito kafin wa'adin shigar da takardu ya cika, wato 15 ga Afrilu a yawancin shekaru. Idan wa'adin ya ƙarato kati bai zo ba, abin da ya dace shi ne a cike fom 4868 a nemi ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba, domin lambar da ta fito a cikin ƙarin lokacin karɓaɓɓiya ce. Wanda bai nemi ƙarin lokaci ba, lambar kuma ta fito bayan wa'adi, ya rasa rangwamen wannan shekarar, ko da daga baya ya gyara takardunsa. A lura dai cewa ƙarin lokacin na shigar da takardu ne kawai. Idan ana bin mutum haraji, biyansa yana nan a Afrilu.

Daga shekarar haraji ta 2025 an ƙara wani sharaɗi da ya taɓa iyalan baƙin haure sosai: mai neman rangwamen shi ma dole ne ya kasance da lambar SSN mai izinin aiki, idan kuwa ma'aurata ne da suka shigar tare, aƙalla ɗayansu. A da, iyayen da ke biyan haraji da lambar ITIN, wato lambar harajin da IRS ke ba waɗanda ba za su iya samun SSN ba, suna iya karɓar rangwamen a kan yaron da yake da SSN, amma yanzu an rufe wannan ƙofa. Yaron da shi kansa ITIN yake da ita, ana iya neman wani ƙaramin rangwame na dala 500 a kansa, wanda ake cirewa daga haraji kawai, ba a biyan sa kuɗi hannu.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar cikawa ga jariri. Dole ne ya zama ɗan mutum ne ko jikansa ko ƙaninsa ko ɗan ɗan'uwansa ko ɗan riƙon da hukuma ta damƙa masa, ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka a ma'aunin dokar haraji, kuma ya zauna tare da mai nema fiye da rabin shekara. Ga wanda aka haifa a cikin shekarar, ana duba rabin kwanakin da ya yi a duniya ne, kuma kwanakin da ya yi kwance a asibiti bayan haihuwa ana ƙirga su tamkar a gida ya yi su. Iyayen da aka jarraba da rasuwar jariri bayan an haife shi da rai, ko da ɗan lokaci kaɗan ya yi, su ma doka ta ba su damar neman rangwamen, kuma idan ba a kai ga samun lamba ba suna iya haɗa takardar haihuwa ko ta asibiti a madadinta.

Karɓa a dunƙule ko a cikin albashi

Ma'aikaci yana da zaɓi biyu. Yana iya barin komai yadda yake, ya karɓi kuɗin a dunƙule bayan ya shigar da takardu a shekara mai zuwa, ko kuma ya cike sabon fom W-4 ya miƙa wa wurin aikinsa, ya rubuta yaron a mataki na uku na fom ɗin, domin a rage abin da ake yanka daga albashinsa tun yanzu. Dala 2,200 idan aka raba ta wata 12 ta kama kusan dala 183 a wata. Mutane da yawa sun fi son dunƙulen saboda yana zame musu ajiyar dole, kuma ban ga laifinsu ba, amma iyayen da ke cin bashin katin banki mai ruwa domin sayen madara da ƙunzugu, alhali kuɗinsu yana ajiye a hannun gwamnati babu riba, sun fi kyautuwa su gyara fom ɗin. Idan miji da mata duk suna aiki, mutum ɗaya ne kawai zai rubuta yaron a fom ɗinsa, zai fi dacewa mai babban albashin. In duka biyun suka rubuta, za a yanka ƙasa da abin da ya kamata, a ƙarshen shekara su tarar ana bin su.

Abin da ke tafiya tare da shi

Haihuwa tana buɗe wasu ƙofofin, kuma ga mai ƙaramin albashi ɗaya daga cikinsu ta fi rangwamen yaran kansa tsoka. Wannan shi ne rangwamen masu ƙaramin samu da ake kira EITC, wanda ake biya kuɗi hannu gaba ɗayansa. A 2025 iyakarsa ga marar yaro dala 649 ce, amma da yaro ɗaya ya kai dala 4,328, da biyu 7,152, da uku ko fiye 8,046. Uwar nan mai dala 12,000 za ta samu kusan dala 4,080 daga nan, idan aka haɗa da 1,425 ɗin can ya zama kusan dala 5,500, wato kusan rabin abin da ta samu a shekara. Ita ce kuma irin mutumin da doka ba ta wajabta wa shigar da takardu ba saboda ƙarancin samunta, shi ya sa irinta da yawa ba sa shigarwa, kuɗin ya wuce su. Kuɗin da aka mayar ta wannan hanya ba a ƙirga shi a matsayin kuɗin shiga wajen tantance masu karɓar tallafin abinci ko inshorar lafiya ta Medicaid, kuma ba a ƙirga shi cikin dukiyar mutum har tsawon wata 12.

Wanda ba shi da aure a ranar ƙarshe ta shekara, yake zaune da yaron, kuma shi ya ɗauki fiye da rabin kuɗin tafiyar da gidan, yana iya shigar da takardunsa a matsayin shugaban gida, abin da ke ɗaga kuɗin da ba a yanka wa haraji daga dala 15,750 zuwa 23,625 a 2025.

Akwai kuma rangwamen kuɗin raino, ga iyayen da ke biyan gidan raino ko mai raino domin su samu zuwa aiki ko neman aiki. Ana lissafa shi a kan kuɗin da bai wuce dala 3,000 ba ga yaro ɗaya, ko 6,000 ga biyu ko fiye, a kan kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari gwargwadon samun mutum, kuma daga 2026 babban kason ya tashi zuwa 50. Fom 2441 yana neman sunan mai rainon da adireshinsa da lambar harajinsa, don haka a karɓi waɗannan tun ranar da aka fara kai yaro, a kuma riƙa ajiye rasit. Neman lambar wadda ta daina muku aiki wata shida da suka wuce ba ƙaramin aiki ba ne. Ana iya biyan kakar yaro a nemi rangwamen, amma kuɗin ya zama kuɗin shigarta da za ta bayyana. Wasu jihohi kuma suna da nasu rangwamen daban da na tarayya, kamar Minnesota da ta fara da dala 1,750 a kan kowane yaro a 2023, da Kalifoniya mai rangwame na musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara shida, sai dai a takardun harajin jiha ake neman su.

Idan iyaye ba sa tare

Yaro ɗaya, mutum ɗaya ne zai neme shi a shekara ɗaya. Idan iyaye sun rabu, haƙƙin na wanda yaron ya fi kwana a gidansa ne, kuma darare ake ƙirgawa, ba yawan kuɗin da wani ya kashe ba. Idan dararen sun zo daidai, sai a ba wanda ya fi samun kuɗi. Wanda yaron ke hannunsa yana iya sallama wa ɗayan rangwamen yara ta hanyar sa hannu a fom 8332, amma EITC da matsayin shugaban gida da rangwamen raino ba sa bin wannan sallamawa, suna nan a wurin wanda yaron ke kwana. Haka nan a gidan da uwa da kaka suke zaune tare da jariri, kowaccensu tana iya cika sharuɗɗan, don haka a zauna a yanke magana kafin lokacin shigar da takardu. Idan mutum biyu suka rubuta lamba ɗaya, hukumar za ta aiko wa duka biyun da wasiƙa, wanda ba shi da gaskiya ya mayar da kuɗin da ruwa. Wanda aka samu da ganganci ana hana shi rangwamen shekara biyu, wanda aka samu da zamba kuwa shekara goma.

Shigar da takardun

Ana rubuta yaron a sashen waɗanda ke ƙarƙashin kulawar mutum a fom 1040, wato babbar takardar harajin shekara, a sa alama a akwatin rangwamen yara da ke gaban sunansa, sannan a cike jadawali na 8812, inda ake yin lissafin da aka nuna a sama. Manhajojin haraji suna yin wannan da kansu idan an amsa tambayoyinsu daidai. Masu matsakaicin samu ba sa buƙatar biyan kowa, domin akwai shirin Free File na shigar da takardu kyauta ta intanet a shafin IRS, akwai kuma shirin VITA inda 'yan sa-kai da hukumar ta horar suke cike wa mutane takardu kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa.

Wanda ya zaɓi biyan mai cike takardu, ya tabbata mutumin ya sa hannu kuma ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar da IRS ke ba masu cike takardu don a biya su, a ƙasan fom. A guji wanda ya ƙi sa hannu, da wanda ke yanka ladansa bisa girman kuɗin da za a mayar, da wanda ya ce a tura kuɗin asusunsa, da wanda ya ba da shawarar a ƙirƙiri sana'ar da babu ita domin rangwamen ya ƙaru. Ranar da bincike ya zo, mai takardun ake nema, ba wanda ya cike ba.

Game da lokacin zuwan kuɗi, wata doka ta 2015 ta hana IRS sakin kuɗin duk wanda ya nemi EITC ko kason rangwamen yara da ake biya kuɗi hannu kafin tsakiyar Fabrairu, kuma duk kuɗin ake riƙewa, ba wannan kason kaɗai ba. Ko da an shigar a ƙarshen Janairu, yawanci sai ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris kuɗin ke shiga asusu, don haka kada a ɗora kuɗin hayar watan Fabrairu a kansa. Idan kuma ana bin mutum tsohon haraji ko kuɗin ciyar da wani yaro da kotu ta yanka masa, ana iya cire bashin kafin a tura masa saura.

Iyayen da suka haihu a shekarun baya ba su nema ba, ƙofa ba ta rufe musu nan take ba. Wanda ya shigar da takardu ya manta da yaron, doka ta ba shi shekara uku ya gyara da fom 1040-X, wanda bai shigar ba sam shi ma yana da shekara uku daga ainihin wa'adin ya shigar ya karɓi kuɗinsa, matuƙar lambar yaron ta fito kafin wa'adin waccan shekarar. Kowace shekara da fom ɗinta da adadinta, don haka takardun 2023 ana cike su ne da dokar 2023, lokacin da rangwamen yake dala 2,000 kuma kason da ake biya kuɗi hannu bai wuce dala 1,600 ba.